Nonon da na tara a firiza ya narke bayan an ɗauke wuta, surukata ta ce in zubar

Assalamu alaikum Anti, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malama ce a wata makaranta mai zaman kanta a Sabon Gari, muna zaune a gidan iyayen maigidana a Tudun Wada, Zariya. 'Yata ta fari wata biyu da rabi gare ta, hutun da aka ba ni wata uku ne, saura mako biyu in koma aiki. Ƙarfe bakwai nake fita, ba na dawowa sai wajen uku. Burina ta cika wata shida ba ta sha komai ba sai nono, shi ya sa tun da muka yi arba'in na fara tatsa ina ƙullawa a farar leda ina sakawa a babbar firizar gidan. Facalata ma tana goyon namiji, da ta ga ina yi ita ma ta fara, a wuri ɗaya muke ajiyewa. Na tara ƙulli 26. Makon jiya aka yi kwana uku babu wuta, da na buɗe na tarar duk sun zama ruwa, da wuta ta dawo suka sake daskarewa. Na narkar da ɗaya sai na ji yana wani ƙarni kamar sabulu, yarinyar ma ta ƙi karɓa. Hajiya, surukata, wadda ita za ta riƙe min ita, ta ce dama nono ba ya kwana a waje, in zubar, a sayo madarar gwangwani, kuma za ta riƙa ba ta ruwa saboda zafin nan. Maigidan ya ce duk abin da Hajiya ta ce shi ke nan. Anti, in zubar da wahalar da na sha? Yaya zan yi?

Mai jego daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana ita bisa tafarkin addini.

Bari in fara da mai ɗacin. Waɗannan ƙulli 26 ki zubar da su. Na san abin da nake faɗa, na san kowane ƙulli daren da kika hana idonki barci ne, amma nonon da ya narke har ya zama ruwa tsaf, ya zauna a haka ba wanda ya san awa nawa, sannan ya sake daskarewa, ba abin da za a ba jaririya 'yar wata biyu ba ne. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Duk abin da ya hayayyafa a cikin kwanakin da nonon ya yi yana ruwa yana nan, jira yake a narkar ya ci gaba daga inda ya tsaya. A nan Hajiya ta yi gaskiya, kuma ki je ki faɗa mata da bakinki cewa ta yi gaskiya. Za ki buƙaci wannan furucin nan gaba kaɗan.

Inda ba ta yi daidai ba shi ne cewa nono ba ya kwana a waje. Yana kwana, har ya yi watanni, idan an ba shi sanyin da yake buƙata. Kuma kada ki ɗauki maganarta a matsayin jahilci. Ita abin da ta sani shi ne nonon saniya: a tatso da safe, a bar shi a ƙwarya, kafin gari ya waye ya zama kindirmo. Duk wadda ta girma tana ganin haka dole ta yi zargin na mutum. Bambancin shi ne nonon uwa yana fitowa da sojojinsa, akwai sinadaran garkuwa da ƙwayoyin halitta masu rai a cikinsa da ke danne ƙwayoyin cuta na ɗan lokaci, shi ya sa yake jurewa fiye da madarar gwangwani da aka dama. Amma juriyar tana da iyaka, iyakar kuma zafi ne ke gindaya ta.

Ga lissafin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar, wanda shi ne likitocin yara da yawa ke bi. Sabon nonon da aka tatsa yana iya zama awa huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A firjin da sanyinsa ya kai digiri 4, kwana huɗu. A firizar da ta kai digiri 18 ƙasa da sifili, wata shida shi ne mafi kyau, ko da yake an yarda har wata goma sha biyu. Idan kika leƙa intanet za ki ga hukumar lafiya ta Ingila ta ce har kwana takwas a firji, kada wannan ya rikita ki, su ma sharaɗinsu sanyin ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa. Ni na fi son ki riƙe ƙaramin adadin. Ɗan akwatin ƙanƙarar nan kuma da ke cikin firji mai ƙofa ɗaya, wanda ba shi da ƙofarsa daban daga waje, mako biyu ne iyakarsa.

To amma duk waɗannan alƙaluma an rubuta su ne a garuruwan da firji ke yin shekara bai yi shiru ba. Mu a Zariya ba haka muke ba. Wata shidan da aka ce na firiza, wata shida ne na daskarewa ba yankewa, ba wata shida na daskare yau narke jibi ba. Digiri 25 da aka ce na ɗaki kuwa, da hunturu ne aka fi samun shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rana ke kusantar digiri 40, ɗakin kwano a Tudun Wada ya wuce haka tun kafin azahar. A irin wannan lokacin ni ba na ma lissafa awa huɗu, in ba yanzu za a sha ba, kai tsaye a sa shi a sanyi.

Shi ya sa shawarata ta gaskiya ita ce ki daina bin sawun matan nan da kike gani a Facebook da TikTok suna buɗe firiza cike maƙil da ledojin nono jere kamar littattafai. Ba ki buƙatar rumbu. Abin da kike buƙata shi ne nonon gobe. Wanda kika tatsa yau a wurin aiki shi za a ba ta gobe, wanda kika tatsa gobe na jibi ne, haka za ki yi ta juyawa. Wannan nonon bai taɓa ganin ƙanƙara ba, sojojinsa na raye, ɗanɗanonsa bai canza ba, kuma in an ɗauke wuta asararki ta kwana ɗaya ce, ba ta makonni ba. Firiza ki mayar da ita ta ko-ta-kwana, leda shida zuwa takwas sun isa, don ranar da aiki ya hana ki tatsa ko kofi ya kife. Daskarewa tana kashe ƙwayoyin halitta masu rai da ke cikin nono, tana rage wasu sinadaran kaɗan in ya daɗe. Duk da haka daskararren nono ya fi na gwangwani nesa ba kusa ba, sai dai sabo ya fi shi.

Nawa za ki bari? Ƙasa da abin da kike tsammani. Yaro mai shan nono zalla daga wata ɗaya zuwa shida yakan sha kimanin mil 750 a yini da dare, wani ya ɗara wani ya gaza. Awa takwas ɗin da ba ki nan, wajen mil 250 zuwa 300 ne, wato sha uku na mil 80 zuwa 100. Idan kika ba ta ta ƙoshi dab da fita, kika sake ba ta da zarar kin shigo kafin ki cire hijabi, ta yiwu ma ba za ta shanye ukun ba. Wasu yaran sukan ɗan taɓa da rana su rama da dare. Kada wannan ya tayar miki da hankali matuƙar tana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini, kuma nauyinta na hawa duk lokacin da kuka je awo.

A wurin aiki ki nemi ki tatsa sau biyu, misali lokacin tara da kuma wajen ƙarfe ɗaya. Ma'aikatan gwamnatin jihar Kaduna tun 2019 wata shida ake ba su na haihuwa, ku na makarantun kuɗi ba ku samu wannan gatan ba, amma dokar ƙwadago ta ƙasa ta ambaci rabin awa sau biyu a rana ga ma'aikaciya mai shayarwa. Ki je wa shugabar makarantar da lalama tun yanzu, ba ranar komawa ba, ki roƙi ɗaki mai ƙofa da minti ashirin. Ban da banɗaki. Idan kika ƙi tatsa kika bar nono ya cika ya yi tauri tun safe har la'asar, abu biyu za su biyo baya: jiki zai ɗauka ba a buƙata ya rage samarwa, sannan kina iya samun kumburi mai zafi da zazzaɓi. In hakan ta faru, wuri ya yi ja, jiki na rawa, ki je asibiti a ranar, kuma kada ki daina ba ta. Af, tun da muna nan: maganar da ake yi cewa in mace ta wuni a rana nonon jikinta ya yi tsami sai ta tatsar ta zubar kafin ta ba yaro, ba ta da tushe. Nono ba ya lalacewa a cikin jiki. Ki wanke hannu kawai ki ba ta.

Babbar ƙawarki a wannan tafiya ba firiza ba ce, 'yar ƙaramar kula ce mai kauri da ƙanƙara a ciki. Nono a cikin kula mai ƙanƙara sosai, in ba a yawan buɗewa, yana kai awa 24. Ki samu robobin ruwa biyu ko uku ki riƙa daskarar da su duk sanda aka kawo wuta, ranar da babu kuma ki aika a sayo ƙanƙara wurin masu sayarwa, ba unguwar da babu su. Kula ɗaya ki tafi da ita makaranta, ɗaya ki bar wa Hajiya da nonon ranar a ciki. Ta haka ko an wuni ba wuta ba ruwanki. Abin lura kawai, mazubin ya kasance a rufe gam yadda ruwan ƙanƙarar da ya narke ba zai taɓa bakinsa ba, domin ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba. Firji kuwa in aka ɗauke wuta awa huɗu kawai yake riƙe sanyinsa, shi ma in ba a buɗe ba. Ya wuce haka ki kwashe zuwa kula.

Wata za ta ce miki ai randa ma na sanyaya abu, ko tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar nan da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa. Tana da amfani ga tumatir da alayyafo, kuma ta fi a bar kofi a kan tebur. Amma ba ta kusantar digiri 4, don haka nonon da ke cikinta ki lissafa shi a matsayin na ɗaki, kada ki ba shi kwanakin firji.

Yanzu maganar farar leda. Ki bari. Ledar ƙulla kunu da zoɓo ba a yi ta don wannan ba, siririya ce, tana tsagewa in ta daskare, ga bakin ƙullin da hannu ya gama taɓawa. Akwai ledoji na musamman na ajiyar nono masu zif da ake sayarwa a manyan kemis da shagunan kayan jarirai, sau ɗaya ake amfani da kowace. In kuɗinsu ya yi yawa, ƙananan kwalabe na gilashi masu murfi mai kamawa sun wadatar, ko robar abinci mai ƙarfi. Ki juya gindin robar ki duba lambar da ke cikin alamar kusurwa uku: mai lamba 5 ta yi, mai lamba 7 ki bar ta. Ki wanke da sabulu, ki tafasa minti biyar, ki kife ta bushe da kanta, ban da gogewa da tsumman kicin. Kada ki cika har baki, ki bar kamar faɗin yatsu biyu, don nono na kumbura in ya daskare, kwalba kan fashe. Kuma ki zuba kaɗan-kaɗan, mil 60 zuwa 120 a kowane mazubi. Dalili shi ne abin da yarinya ta sha ta rage, bakinta ya riga ya taɓa, awa biyu ne kawai ya rage masa. Gara a buɗe ƙarami biyu da a zubar da rabin babba. In kina so ki haɗa tatsar safe da ta rana a mazubi ɗaya, ki fara sanyaya sabon tukuna kafin ki zuba kan mai sanyi, kada mai ɗumi ya ɗumama wancan, kuma ranar na farkon ita za ki rubuta.

In da injin tatsa kike amfani, duk wani ɓangare da nono ya taɓa sai an kwance an wanke bayan kowace tatsa, a wata roba da aka ware don haka kawai, a tafasa sau ɗaya a rana tun da ruwanmu na 'yan ga-ruwa ne da rijiya. Ni dai na fi ganin sauƙin tatsa da hannu ga mace mai aiki a ƙasar nan. Hannu ba ya buƙatar caji, wankinsa sabulu da ruwa ne, abin tafasawa kuma mazubi ɗaya tal. Babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a gefen baƙin da ke kewaye da kan nono, ki danna baya wajen ƙirji sannan ki matse ki saki, kina zagayawa. Ban da jan kan nono. Kwana biyu uku na farko za ki ga kamar wasa ne, daga baya hannu ya saba.

Babbar firizar gidanku ina da tambaya a kanta. Idan irin wadda na sani ce a gidajen gandu, akwai naman miya a ciki, da kifi, da ragowar naman layya, da zoɓon sayarwa da yara ke buɗewa sau ashirin a rana. Ki samu roba mai murfi ki zuba mazuban nonon a ciki, ki tura ta can ƙasa inda sanyi ya fi zama, nesa da ɗanyen nama. Duk wani fili da ya rage a cika shi da robobin ruwa su daskare, domin firizar da ta cika tana riƙe ƙanƙara har kusan awa 48 bayan ɗauke wuta in ba a buɗe ba, wadda take rabi kuwa awa 24. Ranar da wuta ta daɗe, ga ƙa'idar da za ki bi: ki ɗaga ledar ki latsa. In har akwai ɓurɓushin ƙanƙara a ciki, ko da gefe ya fara ruwa, ana lissafa shi a daskararre, ana iya mayarwa. In ya zama ruwa gaba ɗaya amma da sanyinsa sosai, a sha shi cikin awa 24, ba ya komawa. In ba sanyi, a zubar. Da kin san wannan makon jiya, da tun rana ta biyu kin kwashe zuwa kula mai ƙanƙara ko gidan wata 'yar'uwa mai sola.

Matsalar ita ce wani lokaci ana narkewa a sake daskarewa kina makaranta ko kina barci, ki buɗe ki ga komai garau. Ga dabara mai sauƙi. Ki zuba ruwa rabin roba, ki kwantar da ita ta daskare a kwance, sannan ki tayar da ita tsaye kusa da nonon. Muddin ƙanƙarar na manne a gefe ɗaya, lafiya lau. Ranar da kika ga ta taru a gindi, kin san an narke an sake daskarewa a bayan idonki.

Sai abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki, wanda ke ba ki ma tambaya ba. Ke da facalarki kuna ajiye ƙulle-ƙullen farar leda a wuri ɗaya, iri ɗaya, babu suna. Ƙanwata, wannan ba batun lafiya kaɗai ba ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi, nonon mace in ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa yana haramta aure, ko da sau ɗaya ne, ko da a kofi ko cokali aka ba shi ba a ƙirji ba. 'Yarki da ɗan facalarki 'ya'yan wa da ƙani ne, irin waɗanda iyaye kan so su haɗa zumunci wata rana. Hannu ɗaya da ya ɗauki ƙullin da ba nasa ba ya mayar da su wa da ƙanwa na shayarwa, ba tare da kowa ya sani ba. Kowace ta samu robarta mai launi daban, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane mazubi da alƙalamin da ba ya gogewa. In kuna zargin an riga an taɓa cakuɗawa, ku zauna ku tuna, ku kai wa malami maganar tun yaran na zanin goyo.

Ƙarnin sabulun da kika ji kuma labari ne daban, kada ki ɗora shi duka a kan wuta. Akwai matan da nononsu ke yin wannan warin bayan ya kwana biyu a sanyi ko da an bi kowace ƙa'ida, saboda maiƙon da ke ciki yana farfashewa a hankali. Ba lalacewa ba ce, ba ya cutarwa, yara da yawa na shanye shi ba su damu ba, wasu kuma su kau da kai. Wanda ya lalace tsami yake yi mai tayar da zuciya, kuma ko an juya ba ya haɗewa, sai gudaji-gudaji. Lafiyayye in ya zauna yakan rabu biyu, maiƙo a sama, ruwa-ruwa a ƙasa, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi ko rawaya, da an juya a hankali ya koma ɗaya. Ki gwada tun yanzu: ki daskarar da mil 30, bayan kwana biyar ki narkar ki shinshina ki ɗanɗana, ki ba ta. In ta ƙi, ki gauraya da sabo rabi da rabi. In duk da haka ta ƙi, sai ki riƙa ɗora wanda za ki daskarar a wuta da zarar kin tatsa, har ƙananan kumfa su fito a gefen tukunya, ba tafasa ba, ki sauke ki sanyaya da sauri. Wannan na rage wasu sinadaran garkuwar, shi ya sa ba a yi sai dole. Kin ga wani dalilin da ya sa na ce ki dogara da nonon jiya ba na watan jiya ba.

Wurin narkarwa, ki fara da wanda ya fi daɗewa. Ki sauko da shi firji ko kula tun dare, ko ki tsoma mazubin a ruwan ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki. Ban da ɗorawa a wuta kai tsaye, ban da tafasasshen ruwa, ban da na'urar ɗumama abinci ta lantarki, wadda ke zafafa wani wuri ta bar wani har ya ƙona bakin yaro. A ɗiga a bayan hannu a ji. Da zarar ya yi ɗumi, awa biyu gare shi. Ba dole ba ne ma sai an ɗumama, in ta karɓa da ɗan sanyinsa babu laifi.

To, Hajiya. Duk abin da na rubuta a sama ba zai yi aiki ba in ba ta yarda ba, domin ita ce a gida ba ke ba. Kada ki je mata da waya a hannu kina karanto mata abin da Turawa suka ce. Kin riga kin ba ta gaskiyarta a kan na firiza, sai ki ce, Hajiya, ina so ki duba min wani abu, ke kika fi ni sanin nono. Ki tatsa a gabanta da yamma, ku sa a kula tare, da safe ki miƙa mata ta shinshina da kanta. Gani ya kori ji. Sannan ki bar ta ita ta ba jikarta, ke ki fita tsakar gida, domin yaro in yana jin ƙamshin uwarsa ba ya yarda da kofi. Ta yiwu ma rabin ƙin da ta yi rannan ke nan. Da ƙaramin kofi za a ba ta, ba fida ba. Fida na da wuyar wankewa, lungunanta na ɓoye datti, a zafin nan kuwa hanyar gudawa ce. A zaunar da ita a cinya, a jingina bakin kofin a leɓenta na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓe, ita za ta riƙa lasa tana kurɓa. Ba a zubawa. Ki faɗi wannan a fili cikin ladabi, domin iyayenmu sun saba da ɗura, ɗura kuwa tana iya tura nono hanyar numfashi.

Batun ruwa, ki gaya mata kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, ko a tsakiyar bazara ya ishe ta. Cikinta ƙarami ne, duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare wurin nono, ga abin da ruwan ke iya ɗaukowa. In Hajiya ta ga kamar tana jin ƙishi, ta ƙara mata nono, ki bar ɗan ƙarin mil 40 saboda haka. Tsofaffi ba sa son a ce musu kada ki yi kaza a bar su hannu rabbana, ki ba ta abin da za ta yi a madadinsa. Ranar rigakafi ta gaba ki roƙe ta ta raka ki, ki tayar da maganar a gaban ma'aikaciyar jinya, ta ji daga bakin mai farin kaya. Maigida kuma ba gardama za ki yi da shi ba, lissafi za ki yi masa. Ya tambayi kuɗin gwangwani ɗaya a kemis, ya ninka da yawan da yarinya ke shanyewa a wata, ya kwatanta da kuɗin kula biyu da ƙanƙara. Ki tuna masa ayar suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu cikakku, ayar da ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. Sayen ƙanƙara dai bai fi ƙarfinsa ba.

Duk wannan lissafi na yaron da aka haifa da cikar watanninsa ne kuma yake lafiya. Mai karatun da ke goyon bakwaini ko yaron da aka kwantar, ta bi abin da likitocinsa suka ce, ko a asibitin koyarwa na Shika ne ko a asibitin Gambo Sawaba ko duk inda ake ganinsa, domin nasu ƙa'idojin sun fi tsauri.

Mako biyun da suka rage sun ishe ki. Daga gobe ki riƙa tatsa sau ɗaya da safe bayan ta sha, lokacin nono ya fi yawa, ko mil 50 kika samu ya yi. Na kwanakin farko ki daskarar, su ne 'yan ledojinki na ko-ta-kwana. Kullum Hajiya ta ba ta kofi ɗaya wajen hantsi don su saba da juna. Ana saura kwana uku ki yi gwaji na gaske, ki tafi gidanku ko unguwa tun safe har azahar da kularki, ki ga nawa ta sha, nawa kika tatso. Na ranar Lahadi shi za a sha Litinin ɗin farko. Daga nan abin da zai riƙa ba ki matsala shi ne tatsar Juma'a, domin tsakaninta da Litinin kwana uku ne, firjin da ake ɗauke wa wuta kuwa ba zai riƙe miki amana har haka ba. Ita ce za ki riƙa jefawa firiza da kin dawo, daren Lahadi ki duba robar ruwan nan da kika tayar tsaye, in ƙanƙarar na gefe ki ciro leda uku mafi daɗewa ki sa wa Hajiya a kula.